A nuna wa fursuna mudun da aka auna shi da shi

A shekarar 2016 wani fursuna a jihar New York ta Amurka ya zauna gaban kwamitin da ke yanke shawarar wanda za a yi wa sakin talala. Yana ɗan shekara 16 aka kama shi, kan wani fashi da aka rasa rai a cikinsa, ya kuma shafe kusan shekara 26 a ɗaure. A shekaru goman ƙarshe ko sau ɗaya ba a rubuta masa laifin saɓa dokar gidan yari ba. Duk da haka kwamitin ya ce ya koma ciki, domin wata manhajar kwamfuta mai suna COMPAS ta ba shi maki mai nuna yana da haɗari.

Bai san yadda manhajar take lissafinta ba, kuma babu mai gaya masa, saboda kamfanin da ya ƙirƙire ta ya ce wannan sirrin kasuwancinsa ne. Sai ya shiga bin 'yan uwansa fursunoni yana roƙon su nuna masa takardunsu, yana jera amsoshinsu kusa da nasa ɗaya bayan ɗaya. Da haka ya gano tambaya guda ce ta kayar da shi. An tambayi jami'in da ya cike fom ɗin ko mutumin nan yana da matsalar rashin ɗa'a a gidan yari, jami'in ya ce e. Da ya sake samun damar zama gaban kwamitin ya kai musu hujjarsa, aka sake shi a 2017.

Labarin nan ya daɗe yana damuna. Wannan bawan Allah ya iya karatu, yana da haƙuri, ya kuma yi dace abokan zamansa sun yarda sun nuna masa takardunsu. Wanda bai iya karatu ba fa? Wanda ko sanin cewa an auna shi bai yi ba fa? A kasuwar hatsi, ko tiya ɗaya za ka saya, a gabanka ake awo, kana ganin mudun, kana ganin ko an cika ko an tauye. Ban ga dalilin da zai sa a auna shekarun rayuwar mutum a bayan labule ba. Matsayina ke nan: ban ƙi a yi amfani da ma'aunin haɗari ba, amma duk ma'aunin da fursuna ba zai iya gani ya yi jayayya da shi ba bai cancanci ya riƙe shi a kurkuku ko na kwana ɗaya ba.

Sakin talala sunansa ya bayyana shi. Kamar yadda ake tsawaita wa akuya igiya ta yi kiwo amma turken yana nan, haka ake barin fursuna ya ƙarasa wa'adinsa a waje bisa sharuɗɗa. Zai riƙa kai kansa wurin jami'in da ke sa masa ido, ba zai bar gari ba sai da izini, in ya karya sharaɗi a mai da shi ciki. Tambayar da ke gaban kwamiti kullum ita ce: in an buɗe wa wannan mutum ƙofa, zai koma gidan jiya ko kuwa?

Neman amsar wannan tambaya da alƙaluma ya girmi kwamfuta. A 1928 wani malamin nazarin zamantakewa a Jami'ar Shikago, Ernest Burgess, ya bi takardun mutum 3,000 da aka yi wa sakin talala a jihar Illinois. Ya ware abubuwa 21, irin su nau'in laifi, tarihin aiki da shekarun mutum, ya ba kowanne maki, ya nuna cewa masu maki mai kyau ba su cika karya sharaɗi ba. A farkon shekarun 1970 hukumar sakin talala ta tarayyar Amurka ta fito da nata ma'aunin. Kanada ta samar da LSI-R wanda ya bazu ƙasashe da dama, Ingila tana da OASys, gidajen yarin tarayyar Amurka kuma suna amfani da PATTERN bayan dokar gyaran fuskar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2018. Asalin dabarar duk ɗaya ce: a dubi dubban mutanen da suka fita a baya, a ga waɗanda suka dawo, sannan a ce da sabon mutum kai ka yi kama da waɗannan.

Masu goyon bayan ma'aunan nan suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. 'Yan kwamiti mutane ne. Suna gajiya, suna da son rai, fuskar wani ta kwanta musu ta wani ba ta kwanta ba. Sau da yawa 'yan mintoci kawai suke yi da fursuna. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya nuna cewa lissafi mai sauƙi yakan yi daidai da hasashen ƙwararre, ko ma ya fi shi. Ga kuma tsoro. A zaɓen shugaban Amurka na 1988 an yi wa ɗan takara Michael Dukakis, gwamnan jihar Massachusetts a lokacin, mummunar illa da labarin wani fursuna da aka ba hutun ƙarshen mako ya gudu ya aikata ta'asa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗan kwamiti ya san in ya saki mutum ɗaya ya yi ɓarna, sunansa zai fito a jarida, in kuwa ya riƙe mutum ɗari da ba za su cuci kowa ba, babu wanda zai ji labari. Maki mai nuna ƙarancin haɗari yana iya ba shi ƙarfin halin sa hannu. Wannan alheri ne na gaske, musamman ga tsofaffin fursunoni, tun da abu ne sananne cewa mutum yana manyanta yana rage aikata laifi.

To amma mu duba abin da ma'aunin yake iya yi. A watan Mayun 2016 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta bi sawun mutum fiye da 7,000 da aka kama a gundumar Broward ta jihar Florida aka auna su da COMPAS, ta duba waɗanda aka sake kamawa cikin shekara biyu. Waɗannan mutane a matakin beli aka auna su, amma darasin ya shafi sakin talala kai tsaye. Manhajar ta canka daidai a kusan kashi 61 cikin ɗari. Cikin waɗanda ta ce za su aikata laifin zubar da jini kuwa, kashi 20 cikin ɗari ne kawai suka aikata. Wato cikin kowane mutum biyar da aka shafa wa wannan baƙin fenti, huɗu ba su yi ba. Sannan kuskuren bai rabu daidai ba. Cikin baƙaƙen fata da ba su sake yin laifi ba, kusan kashi 45 an sa su a sahun masu haɗari, a fararen fata kuwa kusan kashi 23 ne.

Kamfanin ya musanta zargin wariya. Ya ce manhajar ba ta tambayar launin fata, kuma in baƙi da fari suka sami maki ɗaya, yiwuwar a sake kama su kusan ɗaya ce. Abin mamaki, duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya a lissafinsu. Masana lissafi sun nuna a wannan shekarar cewa muddin yawan kamun da ake yi wa al'ummomi biyu ya bambanta, babu ma'aunin da zai cika duka sharuɗɗan adalcin nan biyu lokaci guda. Dole a zaɓi ɗaya a saki ɗaya. Wannan zaɓi kuwa magana ce ta adalci, wadda ya kamata majalisa da kotu da jama'a su yi ta a fili. Bai kamata injiniyan wani kamfani ya yanke ta shi kaɗai a ofishinsa ba.

A 2018 wasu masu bincike biyu a kwalejin Dartmouth ta Amurka, Julia Dressel da Hany Farid, suka ba mutanen da ba su san komai game da shari'a ba taƙaitaccen bayanin waɗanda ake tuhuma, suka ce su yi hasashe. Hasashensu ya yi kusan daidai da na COMPAS. Suka kuma nuna cewa da abu biyu kacal, shekarun mutum da yawan laifukansa na baya, ana samun sakamako irin na manhajar. In haka ne, me ake ɓoyewa? Abin da za a iya rubutawa a bayan ambulan ba ya bukatar sirrin kasuwanci. Lokacin da Eric Loomis, wanda aka ɗaure shekara shida, ya kai ƙara kan cewa wajen yanke masa hukunci an yi amfani da makin COMPAS da bai iya bincika ba, Kotun Ƙolin jihar Wisconsin a 2016 ta bar hukuncin yadda yake, ta ce a riƙa haɗa makin da gargaɗi ga alƙalai kuma kada ya zama shi kaɗai ne madogara. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraren ƙarar a 2017. A ganina gargaɗin bai wadatar ba. Alƙali mai fayil ɗari a gabansa, in ya ga lamba 9 cikin 10 da jan alama, lambar ce za ta zauna masa a kai.

Akwai wani abu da ya fi wannan zurfi. Ma'aunan nan ba sa ganin laifi, kamu suke gani. Unguwar da motar 'yan sanda ke kewayawa kullum ita ce za ta cika littafi, unguwar masu katanga da maigadi kuwa laifinta yana ƙarewa a falo. Idan aka koya wa kwamfuta daga wannan littafi, za ta dawo mana da shi ne da sabon bango, a ce mana kimiyya ce.

Na taɓa gwada abin da kaina. Akwai ɗan maƙwabciyarmu da aka fara kamawa yana matashi a wani samame da aka kai wa majalisar 'yan daba, aka sake shi bayan kwana uku. Daga baya ya shiga wani faɗa aka ji wa wani rauni da wuƙa, aka ɗaure shi. Laifi ya yi shi, shi ma bai taɓa musu ba. Ni nakan raka mahaifiyarsa ziyara wani lokaci. Ina tuna ta a layi tun hantsi, da ledar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu, gandiroba yana juya garin da cokali kafin ya bari a shiga da shi. A ciki ya koyi kafinta. Bayan ya fito, wata ranar da yamma na same shi yana goge wani benci, na buɗe tambayoyin COMPAS a wayata, su 137 da aka wallafa, na ce zo in auna ka.

Na ce, "Shekarunka nawa lokacin da aka fara kama ka?"

Ya ce, "Kawu, da wane lissafin? Na katin zaɓe ko na takardar firamare? Inna dai ta ce da damina aka haife ni."

Na ce, "Abokanka nawa aka taɓa kamawa?"

Ya ajiye takardar gugar ya dube ni. Ya ce, "Kawu, a layinmu wa ba a taɓa kamawa ba?"

Na tambaye shi sau nawa ya sauya wurin kwana cikin shekara guda kafin a kama shi, ya ce ya kwana a shago, ya kwana a soro, ya kwana a gareji, duk a unguwa ɗaya. Da na karanto masa inda ake tambaya ko ya yarda mai jin yunwa yana da haƙƙin yin sata, sai ya ce duk wanda ya yi wata ɗaya a ciki ya san amsar da ake so a ji. Da muka zo kan ko an taɓa kama mahaifinsa, sai ya yi shiru, ni ma na rufe wayar. Na ji nauyin abin da na yi.

Kamfanin yana cewa ba duka tambayoyin nan ke shiga makin sake aikata laifi ba, da yawansu don gano irin taimakon da mutum yake bukata ne. Mai yiwuwa haka ne, amma tun da lissafin a rufe yake, maganar kamfani kaɗai muke da ita. Ko da wane dalili aka yi tambayar, amsar tana nan cikin fayil ɗin da kwamiti zai karanta. Mun taso ana karantar da mu cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Mun kuma san karin maganar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mun san irin zaluncin da ake yi da ita wajen neman aure da neman aiki. Ba na son in ga an mayar da ita lamba an buga mata hatimin hukuma.

Abin da ya fi nauyi a yawancin ma'aunan nan abubuwa ne da ba sa sauyuwa: shekarun da aka fara kama ka, sau nawa aka ɗaure ka, irin laifin da ka yi. Ko ka sauke Alƙur'ani a ciki, ko ka koyi sana'a uku, ko ka nemi gafarar wanda ka cuta ya yafe maka, waɗannan lambobi suna nan inda suke. Sakin talala kuwa an kafa shi ne a kan imanin cewa mutum yana sauyawa. In hali zanen dutse ne, to zaman kwamiti ma ɓata lokaci ne, tun ranar yanke hukunci sai a rubuta ranar fita a huta. Sababbin ma'aunai suna ƙoƙarin ƙara abubuwan da ke sauyuwa, kamar karatu da ɗa'a a ciki, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai su ma hannun jami'i ne ke cike su, kamar hannun da ya rubuta e a fom ɗin mutumin New York.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake bi da makin fuska biyu. Lauyoyin fursunoni a New York sun daɗe suna kokawa cewa dattawan da suka sami maki mafi ƙanƙanta ana hana su fita, a ce musu laifin da suka yi shekara talatin baya ya yi muni. Wato in makin ya ce a riƙe, an gaskata shi, in ya ce a saki, sai a tuna cewa na'ura ce kawai. A 2017 jihar ta yi ƙa'idar cewa in kwamiti ya hana mutum fita saɓanin abin da makin ya nuna, sai ya rubuta dalilinsa a kan wannan mutum takamaimai. Wannan ƙa'ida ta yi mini. Da ni ne, zan ƙara da cewa maki mai yawa shi kaɗai ba dalili ba ne, sai an kawo abin da mutumin ya yi da hannunsa.

Kanada ta ba da wani darasin. Jeffrey Ewert, fursuna ɗan al'ummar Métis, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar, ya yi shekaru yana ƙarar cewa ana auna shi da ma'aunan da aka gina aka kuma gwada su galibi a kan mutanen da ba 'yan asalin ƙasar ba. A 2018 Kotun Ƙolin Kanada ta ce hukumar gidajen yari ta gaza sauke nauyin da doka ta ɗora mata, tun da ta ci gaba da amfani da ma'aunan ba tare da ta tabbatar suna aiki daidai a kan irinsa ba. A cikin ƙasa ɗaya ke nan, mai cikakkun takardun haihuwa da na aiki.

Shi ya sa maganar ta shafe mu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta yi tanadin sakin talala, dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali kuma ta sa shi cikin hukunce-hukuncen da ake yi a waje, tare da aikin yi wa al'umma hidima. Abin da muka fi sabawa da shi shi ne afuwar shugaban ƙasa ko ta gwamna, da ziyarar babban jojin jiha don rage cunkoso, kuma kowa ya san ƙorafin da ake yi cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ranar da za a fara sakin talala gadan-gadan, ba na shakka wani zai zo da manhaja daga waje ya ce ga maganin son kai. Zai sami masu saurare, domin ciwon da yake magana a kai na gaske ne.

Kafin a saya, a tambaye shi a kan waɗanne mutane aka gwada ta. Manhajar da ke ɗaukar rashin takardar albashi a matsayin zaman banza, me za ta ce da ɗan dako, da mai ga-ruwa, da ɗan acaɓa? Wadda ta dogara da shekaru, yaya za ta yi da wanda ba a yi wa rajistar haihuwa ba? Wadda ke ƙirga kamu, yaya za ta bambanta wanda ya yi laifi da wanda aka kwashe a samame? Sannan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukuncin da za a sassauta ba. Kuɗin da za a zuba a lasisin manhaja ya fi amfani a wajen motar kai su kotu da lauyoyin da za su tsaya musu.

In har za a yi ma'auni, a gina shi daga bayanan mutanenmu, a wallafa tambayoyinsa da nauyin kowace, a bar jami'o'inmu su riƙa duba kuskurensa shekara-shekara. A karanta wa fursuna amsoshin da aka rubuta a kansa da harshen da yake ji, a ba shi damar cewa wannan ba haka ba ne, a kuma saurari wanda aka cuta. A cire duk tambayar da ta shafi laifin uba ko na unguwa. Babban aikin makin ya zama nuna abin da mutum yake bukata in ya fita: maganin shaye-shaye, wurin kwana, jari, ko sulhu da dangin da ya ɓata wa. Kuma a kira waɗanda suka san shi, kamar jami'in da ya koya masa sana'a da wanda zai karɓe shi a waje.

Na tambayi ɗan maƙwabciyar tamu abin da ya hana shi komawa majalisar da ya baro. Ya ce ranar da ya fito, ƙanen mahaifiyarsa ne ya je ƙofar gidan yarin da babur ya ɗauko shi, bai kai shi gida ba sai da ya biya da shi shagonsa ya nuna masa gefen da zai riƙa aiki, ya miƙa masa zarto da guduma. Washegari da sassafe ya zo ya buga masa ƙofa. Shekara biyar ke nan, yanzu yara biyu ne ke koyon aiki a hannunsa.